Kalmar da Ta Rage a Bakin Babanki

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, motarku ba ta ba ku wahala a hanya ba, an nuna miki ɗakinki a makaranta, kin samu inda za ki ajiye kaya ki miƙe ƙafa. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da murar da sanyin garin kan sa wa baƙo.

Kin tafi kitso gidan maƙwabciyarmu Hajiya Binta, shi ya sa na samu sarari na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ina rubutu. Zan cusa takardar cikin jakarki tsakanin zannuwa, ba za ki gan ta ba sai kin isa. Na san za ki ce, Mama, ga ni ga ki, me ya hana ki faɗa da baki? Na gwada. Shekaranjiya muna ɓarar gyaɗa na buɗe baki zan fara, sai na ji kaina ina tambayarki ko kin sayi man shafawa. Haka bakina yake, faɗa ba ya yi masa wuya, amma magana mai taushi sai ta maƙale.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar da sunanki ya fito a makarantar koyon aikin jinya, na ce ki zo mu durƙusa mu gode wa Allah. Kin durƙusa, don ke yarinya ce mai ladabi. Amma da muka tashi kika ce, ba tare da kin dube ni ba, "Mama, a gode da me? Sa'o'ina sun gama har sun kama aiki. Ni na zauna ina wankin zannuwan jinya, kuma duk da haka Baba ya tafi."

Ban ba ki amsa ba. Ba don kin yi ƙarya ba, ba ki yi ba. Abin da ya rufe mini baki shi ne muryata na ji a cikin muryarki. A wurina kika koyi wannan magana, ko da ban taɓa zaunar da ke na koya miki ba. Don haka kafin ki yi nisa da ita, bari in ba ki labarin inda ta kai ni.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, ɗaki biyu ne na ƙasa, da rumbu ɗaya, da dangar kara. Ƙanwata, innarki Jummai, ta auri mai aiki a kamfanin gurzar auduga a Funtua. Gidansu na siminti ne, ga famfo a tsakar gida, ga fanka tana juyawa a sama. Duk ranar da na je wurinta na dawo, tun daga kwanar Tsiga zuciyata ke fara ɓaci. In na shigo sai in ga komai ya ƙanƙance. Tukunyata ta yi baƙi, rijiya ta yi nisa, mijina kuma ya cika fara'ar da ban ga dalilinta ba.

Kin san al'adar babanki, kin taso kin tarar da ita. Da an gama addu'ar safe sai ya goya hannu a baya ya zaga gida, yana magana da Allah a fili kamar wanda ke zagawa da aboki. "Ubangiji, akuyar nan ta kwana lafiya, madalla. Ruwan jiya ya ratsa ƙasa, madalla. Yaran nan sun tashi da yunwa, alamar lafiya ce, madalla." Ni kuwa ina bakin murhu ina hura wuta, hayaƙi na shiga idona, haushi na cina.

Wata safiya na ce masa, "Malam, in ka gama nuna wa Allah kajinka, ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin nan. Jiya a kan gadona ruwa ya kwana."

Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Ta gefe ɗaya yake yoyo, Talatu. Ɗaya gefen, madalla."

Na yi tsaki na juya masa baya. Kafin rana ta take ya hau ya gyara rufin, don shi godiyarsa ba ta taɓa hana shi aiki ba. Ni ko sannu ban ce masa ba. A raina cewa nake, da na Jummai ne da rufin kwano ne, ba sai an hau ba.

Rahila, yanzu in na waiwaya, waɗannan shekarun su ne mafi daɗi da Allah ya ba ni. Ina da ƙarfi, babanki na da ƙarfi. Kakarki tana da rai, takan zo ranar kasuwa da daddawa a ƙulle a bakin zane. Yayanki yana rarrafe a tsakar gida yana cin ƙasa. Da yamma babanki ya dawo daga gona yana fito, shanu na gaba yana baya. Duk wannan an zuba mini a hannu, ni kuwa idona yana Funtua. Yau da za a ce in zaɓa tsakanin gidan bene da in sake jin wannan fiton yana tahowa ta bayan danga, ba sai an tambaye ni sau biyu ba. Amma ba a sake tambaya.

To, a inda za ki, za ki haɗu da 'yan mata masu manyan wayoyi da akwatuna cike da kaya, waɗanda iyayensu za su riƙa zuwa dubiya a mota. Ba zan ce miki kada ki gani ba, ido ba ya rufuwa. Abin da nake roƙonki, kada abin hannun wata ya makantar da ke daga abin hannunki. Abin da kike raina wa yau, wata rana shi za ki yi kewa.

Kuskurena na biyu kina da wayo aka yi shi, ko da yake ban sani ba ko kin riƙe. Shekarar da tsutsa ta cinye masara ce. Mun yi feshi har mun gaji, ganyen ya zama kamar rariya. Dawa ma ba ta yi kirki ba, don ruwa ya ɗauke da wuri. Da Lahadin godiyar kaka ta zo, ranar da kowane gida ke kai amfanin gonarsa gaban majami'a da kiɗa da rawa, abin da muka iya fitarwa kwano ɗaya ne na wake. A shekarun baya kuwa da buhu muke zuwa, ni ce a gaba cikin matan zumuntar majami'a, da sabon ɗankwali.

Na ce ba zan je ba. Na ce kaina ke ciwo.

Babanki ya tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu, ya ce, "Kanki ne ke ciwo, ko kwanon ne ya yi miki ƙanƙanta?"

Na ce, "Malam, kowa ya san mu. In shiga layi ina rawa da wannan? Matar Yakubu da buhu biyu za ta zo, su fadama ta cece su."

Ya ce, "Ai ba wa matar Yakubu za mu kai ba."

Ya saɓa ki a kafaɗa ya tafi. Na zauna ni kaɗai a gida ina jin ganguna daga nesa, ina gane muryar kowace mace a cikin waƙar. Ban taɓa jin gidan nan ya yi mini faɗi kamar ranar ba. Da kuka dawo kika rugo kina cewa, "Mama, Mama, Baba ya yi rawa har hularsa ta faɗi, ni na ɗauko masa!" Kina dariya, shi ma yana dariya, ni kuwa ina kwance da ciwon kan ƙarya wanda zuwa lokacin ya zama na gaske.

A ranar ban gane ba, sai daga baya, cewa duk rawar da na yi a shekarun buhu ba Allah nake yi wa ba. Idon mutane nake yi wa. Da buhun ya tafi, godiyar ta bi shi. Kada ki jira sai abin ya kai girman da za a nuna kafin ki ce an gode. In jarrabawa ta zo kika tsallake da kyar, wata kuma ta yi na ɗaya, ki taya ta murna, ki koma ɗaki ki gode wa Allah da taki tsallakewar. Ba ya raina ƙaramin kwano. Mu ne ke rainawa.

Sauran labarin tare muka yi shi, amma akwai abin da kika gani ta waje ba ki san cikinsa ba.

Kin tuna ranar da babanki ya faɗi a gona lokacin yankan dawa. Malam Sani, ɗan Hajiya Binta, shi ya ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, har asibiti a Malumfashi. Suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ta tafi. Mutumin da in ya fara hira a zaure sai an tashe shi cin tuwo, ga shi kwance yana bin mu da ido. Bayan kwanaki bakinsa ya buɗe, muka yi ta murna, ashe kalma ɗaya ce ta dawo. Madalla. In yana jin ƙishi, madalla. In an juya shi ya ji zafi, madalla. Likitan ya ce mini haka ciwon yakan yi wa wasu, kalma guda ta maƙale a harshe, ba lalle ne ita yake nufi ba, kada mu sa rai da yawa.

Muka dawo gida. Kika ajiye maganar makaranta ba tare da kowa ya roƙe ki ba. Yayanki yana aiko abin da ya samu daga Kaduna, amma ga magani, ga zuwa gashin ƙashi, ga taki ya yi tsada. Waken suyan da muka adana ya tafi kasuwa, awaki suka bi. Da damina ta kusa, ba mai riƙe garma, ba abin ciyar da su, sai muka yanke shawarar sayar da shanun huɗa.

Kin san yadda yake da shanun nan. Tun suna 'yan maruƙa ya horar da su, in ya yi musu magana kunnuwansu na motsi. Ranar da mai saye ya zo daga Bakori, mun fito da babanki shan hantsi a ƙofar zaure. Ban yi tunanin mayar da shi ciki ba. Aka kwance su, aka ja su ta gabansa. Jan san da ke cikinsu ya tsaya ya juyo da kai wajensa, sai da aka sa masa sanda. Babanki ya ɗaga hannun hagu, bakinsa na rawa, ya ce, "Madalla."

Wani abu ya tsinke mini a ƙirji. Na juya kansa a gaban mutane na ce, "Madalla da me? Madalla da me, Malam? An tafi da shanunka! Rumbu ya kusa ƙarewa, 'yarka ta bar karatu tana kwashe maka fitsari, kai kana nan kana madalla! Ba ka da wata magana ne?"

Ba shi da ita, Rahila. Na fi kowa sanin ba shi da ita. Ya dube ni, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya karkace, ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana neman wata kalma ya ba ni. Abin da ya fito shi ne dai wannan, a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Kina tsaye da kofin kunu a hannu. Kika ajiye, kika goge masa fuska da bakin zanenki.

Da la'asar Hajiya Binta ta shigo. Ta ji komai ta kan danga, amma ba ta nuna ba. Ta zauna ta ja tiren shinkafar da nake tsincewa, muka yi ta tsinta tare. Can ta ce, "Ni kam, Talatu, in wannan ciwo ya same ni, Allah ya kiyaye, na san abin da zai rage a bakina. 'Kai, ku fita!' Don daga safe zuwa dare abin da nake faɗa wa awaki da jikoki ke nan. Liman zai zo dubiya in ce masa, kai, ku fita."

Na yi dariya ban shirya ba, dariyar ta juye kuka. Ta bar ni na yi mai isata. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Shi Malam Iliya tasa mai kyau ce ta rage. Allah ya ba shi lafiya."

Bayan ta fita na zauna da tiren a cinya. Likita ya ce ba zaɓa ya yi ba, na yarda. Amma cikin duk maganganun da mutumin nan ya yi a duniya, ciniki, da faɗa, da wasa, da kiran shanu, da ciwo ya zo ya share komai, wadda ta fi zama a harshensa ita ce ta tsira. Sai na tambayi kaina, ni fa? Ban sha wahalar samun amsa ba. "Na gaji." Ita ce tawa. Da ni ce a kan tabarmar nan, da ita za ki riƙa ji safe da yamma, kina ba ni abinci ina ce miki na gaji. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari da muka fito da shi hantsi, na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ɗora hannun hagu a kaina. Daga nan ban san me zan ƙara ba, sai na dubi tsakar gida na ce, "Malam, kazar nan mai wake-wake ta ƙyanƙyashe."

Ya juya ido ya nemo ta, ya ce, "Madalla."

Na ce, "Gajimare ya haɗu ta gabas."

Ya ce, "Madalla."

Na ce, "Rahila ta dama kunun tsamiya, ta cika masa sukari yadda kake so."

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Tun faɗuwarsa ban ga wannan murmushi ba sai ranar.

Haka muka ci gaba kowace safiya, kin sha ganinmu, wataƙila kin ɗauka hira nake yi masa don kada ya ji kaɗaici. Addu'a muke yi. Shi ba ya iya zagawa, ba ya iya ambata, ni kuwa ban iya godewa ba. Sai na riƙa kawo abin, shi yana rufewa. Ba zan ɓoye miki ba, da farko ba na jin komai a zuciyata, don in wanke laifina nake yi. Wata ranar sai in duba ko'ina in rasa abin faɗa, in ce, "To, mun dai wayi gari." Ya amsa. Amma da yake dole in samo abin da zan kai masa gobe, sai na fara lura. Na ga ranar da kabewa ta fara fure a kan danga. Na ga samarin majami'a da suka zo suka yi mana noma ba wanda ya aike su. Na ga Malam Sani ya huɗe mana gonar bayan gida da shanunsa kafin ya taɓa tasa. Duk waɗannan da a da ne, da sun wuce ta gabana ina kallon wani wuri.

Rumbu bai cika ba saboda haka. Hannunsa bai dawo ba. Kada wani ya ce miki in kin yi godiya komai zai gyaru, kamar ciniki ake yi da Allah. Ba abin da ya canza a gidan nan sai ni. Amma ina gaya miki gaskiya, waɗannan safiyoyin a ƙofar zaure, shi a gurgunce, ni a gajiye, sun fi mini shekarun da muke da lafiya ina harararsa. A ƙarshen zamanmu ne na san mijina. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau, da kuma abin da na fi gode wa Allah a kai, duka biyun a haɗe.

Saura kuskure ɗaya, kuma ke na yi wa shi. Ranar jana'izarsa, da aka fara zuba ƙasa, kika fashe da kuka kina kiran Baba. Na kama hannunki na matse, na ce miki a kunne, "Ki yi shiru, mutane na kallo. Ina bangaskiyarki?" Kika haɗiye. Duk kwanakin zaman makoki, duk wanda ya ce mana ya haƙuri, ni ce mai saurin cewa, "Mun gode Allah, ya huta." Har matar fasto tana ba da misali da ni a zumunta.

Ba ki san abin da ya biyo baya ba. Da baƙi suka watse, na fito da safe na ga ɗan akuyar da aka ba mu ya tsaya da ƙafafunsa, na juya wajen zaure na ce, "Malam, ka ga..." Babu tabarma, babu kowa. Na tsaya ina jiran amsa kamar wawiya. Daga ranar na daina. A waje ina cewa mun gode Allah, a ciki kuwa ba na yi masa magana ko kaɗan. Na daɗe a haka.

Abin da ya kwance ni, wata rana ina cirar ciyawa ni kaɗai a gonar da ya faɗi, sai na yar da fartanya na zauna a kan kunya, na ce da ƙarfi, "Ubangiji, ban ji daɗin abin da ka yi mini ba. Sai da na koyi zama da shi sannan ka ɗauke shi. Ina kewarsa, ban san inda zan sa kaina ba." Na yi kukan da na hana ki yi. Sama ba ta faɗo ba. Da na share ido, sai na ji bakina ya ci gaba da kansa, "Amma na gode da ka ba ni shi. Na gode da ba ka ɗauke shi ranar shanu ba."

Don haka ki yafe mini matse hannun nan. Godiya ba ta hana kuka. Yesu da ya yi kuka a kabarin abokinsa ba zai kore ki don kin yi a na mahaifinki ba. In ranki ya ɓaci da Allah, shi za ki gaya wa, kai tsaye, da Hausar da kike yi mini rashin kunya da ita in kin ji haushi. Abin da nake tsoro ba fushinki ba ne, shirunki ne. Aikin da za ki koya kuwa zai kai ki inda za ki ga yaro ya mutu a hannun uwarsa da safe, kuma a ce ki je ki ba wani magani da murmushi. In ba ki da inda kike sauke wannan kaya, zuciyarki za ta bushe, hannunki ya yi nauyi a kan marasa lafiya.

Ba dogon abu nake nema a wurinki ba. Kowace safiya, kafin ki taɓa waya, ki nemo abu ɗaya ki ambace shi da sunansa, a fili, ko da raɗa ne don kada 'yan ɗakinku su ce kin zautu. Kada ki ce na gode da komai da komai, wannan hanyar gudu ce, na bi ta na sani. Ki ce ruwan zafin nan. Ki ce malamar da ta yi mini bayani sau biyu ba ta yi tsaki ba. Ranar da kika rasa, ki faɗa masa kin rasa, ki ce ga ni dai na tashi. Ba sai kin ji daɗi a ranki ba tukuna. Ni bakina ne ya riga zuciyata, ta biyo shi daga baya tana jan ƙafa. Kuma ki riƙa gode wa mutane, mai shara, da mai gadi, da wadda ta ara miki guga. Wanda bai iya ce wa mutumin da yake gani sannu ba, da wuya ya iya ce wa Allah.

Kin tambaye ni a gode da me. Ba zan ce miki shekarun da kika zauna ba su tafi ba, sun tafi, kuma ba ni da ikon dawo miki da su. Ban san dalilin da ya sa Allah ya tsara haka ba, duk wanda ya ce miki ya sani, ki gaishe shi ki wuce. Abin da na sani shi ne abin da idona ya gani. Na ga yarinya tana aske wa mahaifinta gemu a hankali, tana hura masa kunu, tana yanke masa farce tana ba shi labarin wasan ƙwallon da ba ta damu da shi ba don ta san yana so. Na ga yadda idonsa ke bin ki duk inda kika nufa a tsakar gida. Bai kwanta da gyambo ko ɗaya a bayansa ba har ya koma ga Ubangiji, kuma hannunki ne. Na gode wa Allah saboda ke sau da yawa a ɓoye, amma ke ban taɓa buɗe baki na faɗa miki ba, wai don uwa ba ta gode wa 'yarta. To, yau na faɗa. Na gode, Rahila. Na gode, auta. Abin da kika yi wa mijina, Allah ya yi miki fiye da shi.

Ga muryarki nan ina ji kuna sallama da Hajiya, bari in naɗe. Gobe a tashar Funtua zan juya in kama hanya tun mota ba ta tashi ba, in kin tuna da haka kada ki ce Mama ba ta damu ba. Ba zan iya tsayawa in ga bayan motar ba ne. Zan dawo gidan da ba kowa, in dafa tuwon da zai yi mini yawa, in kasa kunne in ji ko za a turo ƙofa. Zan yi kewarki fiye da yadda zan iya rubutawa. Kada wannan ya dawo da ke. Ki zauna ki yi karatunki.

Ubangiji ya yi miki jagora a fitarki da shigarki. Ya tsare ki a aji, da ɗakin marasa lafiya, da kan titi. Ya haɗa ki da abokan kirki, ya raba ki da masu daɗin baki. Ya ba ki lafiya, da barci mai daɗi, da hannu mai sauƙi. Ya kiyaye mu da muka rage a nan, mu da maƙwabtanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙauyukanmu. Ya dawo mini da ke a Kirsimeti in gan ki da idona, ko kin rame ko kin yi ƙiba. A cikin sunan Yesu, amin.

Akwai yaji da ƙuli-ƙuli a cikin baƙar leda, ƙarƙashin takalmanki. Ki ba 'yan ɗakinku, kada ki ci ke kaɗai.

Mahaifiyarki,
Talatu